Kaya Na Kano, Suna Na Maraɗi: Abin da Ƙaramar Taga Ta Koya Mini a Madinat Khalifa



Cikin goman ƙarshe na azumin 2024 ne, bayan an sauko daga tarawihi. Ina zaune a kusurwar ofishin kawuna da ke Madinat Khalifa ta Kudu, ba nisa da hedkwatar 'yan sandan hanya da kowa a Doha ke ce wa Murur. Kofin karak na hannuna, ina jin kaina kamar wata babbar injiniya. Ofishin ɗaki ɗaya ne: sikeli, kanta, tulin kwalaye, salatif, tsohuwar kwamfuta da firinta. Aikinsu aika kaya gida. Mutum ya kawo dabino, abaya, turare, jallabiyar yara, a auna, a ba shi rasit, a manna kwafin rasit ɗin a jikin kwali. Tun da Qatar Airways ta fara zuwa Kano a watan Maris na 2022 harkar ta buɗe. A wannan azumin kuma sai aiki ya ninka, domin a watan Maris ɗin 2024 aka sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar bayan rufe ta da aka yi sakamakon juyin mulkin Yuli 2023. Mutanen Maraɗi da suka yi watanni suna tara kaya duk suka fito lokaci guda.

Wata Hajiya ta karɓi rasit ɗinta, ta ɗaga shi saitin fitila, ta gyara tabarau.

"Alhaji, ni fa Kano na ce. Yaushe na yi 'yan uwa a Maraɗi?"

Kawu ya karɓa ya duba. Ya dubi fuskar kwamfuta, ya sake duban takardar. A kwamfuta sunan Hajiya ne, Kano, kilo talatin da biyu. A takarda sunan mutumin da ya fita minti biyar da suka wuce ne, Maraɗi, kilo goma sha takwas. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi:

"Injiniya, taso ki ga aikinki."

Ni na rubuta musu shafin da ke fitar da rasit ɗin. Kuma da yammacin ranar na yi masa "ɗan gyara".

Wannan maƙala labarin kurakurai biyar ne da na tafka a kan abu guda, wato rubuta bayani a cikin ƙaramar tagar da ake dasawa a shafin intanet. Na san da yawa daga cikinmu da muka taso a waje, da zarar an ji kana karanta kwamfuta a jami'a, shi ke nan kai ne mai gyaran waya, kai ne mai yi wa shagon Baba shafi. To in dai za ka taɓa buga rasit, katin biki ko takardar sakamako daga burauza, akwai yiwuwar ka faɗa ramin da na faɗa.

Mece ce wannan taga?

A harshen HTML sunanta iframe. Shafi ne cikakke da aka zaunar a cikin wani shafin, da nasa kan, da nasa jikin, da nasa adon. Kamfanin Microsoft ne ya fara kawo ta a Internet Explorer a tsakiyar shekarun 1990, aka shigar da ita cikin ƙa'idar HTML 4.0 a watan Disamba na 1997. Bidiyon YouTube da ka gani a cikin shafin wata jarida, ko taswirar Google a shafin wani otal, galibi ta wannan taga suke leƙowa.

Amfaninta ga mai buga rasit a fili yake. Shafin ofis cike yake da maɓallai da jerin kwastomomi, ba ka so duk su fito a takarda. Sai ka buɗe ƙaramar taga, ka rubuta rasit shi kaɗai a ciki, ka ce wa burauza ta buga abin da ke cikin tagar kawai. A baki abu ne mai sauƙi: ƙirƙiri taga, zuba rubutu, buga. Matsalar ita ce tsakanin waɗannan matakai uku akwai aikin da burauza ke yi a bayan fage, kuma ba ta gama shi a daidai lokacin da kai ka gama ba da umarni.

Kuskure na farko: allon da aka wanke

A karon farko abin da na rubuta bai wuce layi uku ba:

var taga = document.createElement("iframe");
document.body.appendChild(taga);
taga.contentDocument.body.innerHTML = rasit;

A laftof ɗina, da Chrome, ya yi aiki tsaf. Na kai ofis da alfahari. Kwamfutar Kawu kuwa Firefox ce a kanta, ita ya saba da ita. Yaron ofis ya latsa, rasit ya bayyana kamar walƙiya, ya ɓace. Firinta ta turo farar takarda.

Ga abin da ke faruwa. Duk tagar da aka dasa ba tare da adireshi ba, burauza tana saka mata wani shafi fanko mai suna about:blank nan take. A Chrome wannan shafin shi ne na ƙarshe, abin da ka rubuta a kansa ya zauna. Firefox ta wancan lokacin kuwa sai ta ba ka fankon farko na wucin gadi, sannan bayan ɗan lokaci kaɗan ta ɗauko wani fankon ta maye gurbinsa. Ka ɗauka kamar almajiri ne aka miƙa masa allo, ya duƙa ya rubuta karatunsa da sauri, sai ga wanda aka aika ya wanke allon ya iso daga baya, ya wanke shi tas ya miƙo masa. Babu wanda ya yi ƙeta. Almajirin ne ya rigayi mai wanki.

Wannan bambanci ba sirri ba ne. An shigar da shi kundin kurakuran Mozilla tun 2010 da lamba 543435, ya kuma yi fiye da shekara goma a buɗe. Masu shirya shafuka sun daɗe da sanin sa, ni ce ban sani ba.

Maganin da na fara yi shi ne wanda kowane ɗan koyo ke yi: setTimeout. Na ce a jira rabin daƙiƙa kafin a rubuta. Ya yi aiki, na ji daɗi. Amma a gaskiya wannan ba magani ba ne, canki-canka ne. Rabin daƙiƙa ya ishi kwamfutar da ba ta aikin komai. Ranar da yaron ofis ya buɗe WhatsApp da shafuka goma sha biyar a kai, farar takarda ta dawo.

Kuskure na biyu: da'irar da ba ta daina juyawa

Da na yi bincike sai na ga tsohuwar hanya, wadda ta girme ni: document.open() da document.write(). Kiran open() yana soke wancan lodin da ke tafe, wato ya sallami mai wankin allo tun kafin ya iso. Na canza zuwa haka:

var d = taga.contentDocument;
d.open();
d.write(rasit);

Rasit ya fito, ya zauna daram. Amma 'yar da'irar da ke saman burauza ta kama juyawa ba tsayawa, akwatin bugawa kuma ya ƙi fitowa. Kawu ya kira ni: "'Yar nan, abin naki tun ɗazu yake ta tunani. Ko intanet ɗin ya ƙare?"

Intanet lafiyarsa ƙalau. Layi ɗaya na manta, d.close(). Idan ka kira open(), ka ce wa burauza ne ga shafi nan tafe, ta saurara. Duk write() da ka yi tana karɓa tana jiran ƙari. Muddin ba ka ce close() ba, a wurinta ba ka gama magana ba, kamar wanda ya kira ka a waya ya yi shiru bai yi sallama ba. Saboda haka ba za ta sanar da cewa lodi ya kammala ba. Ƙa'idar HTML kuma ta ce idan aka kira print() alhali shafi bai gama lodi ba, a ajiye umarnin sai ya gama. Shafin da ba a rufe ba kuwa ba zai taɓa gamawa ba.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka sani. Kiran open() yana share duk wani mai sauraro da ka ɗaura a kan shafin da ke cikin tagar. In kana so a sanar da kai an gama lodi, ɗaura onload ɗinka a kan ita tagar kanta, wadda ke zaune a babban shafi. Kuma ka tabbata open() da write() ɗin tagar kake kira. In ka yi kuskure ka kira document.write() na babban shafi bayan ya gama buɗewa, gaba ɗayansa zai goge ya bar maka abin da ka rubuta kaɗai.

Kuskure na uku: jadawalin da ya kumbura

Yanzu rasit na fita, amma a takarda biyu. Na sa girman haruffa ƙanana domin komai ya shiga rabin takarda, sunan ofis da adireshi suka bi umarni, amma jadawalin kaya ya ƙi, haruffansa manya-manya. Na kwana biyu ina zargin firinta.

Dalilin ya samo asali ne tun zamanin gasar Netscape da Internet Explorer, lokacin da kowace burauza ke fassara shafi yadda ta ga dama. Da aka zo daidaita ƙa'ida, sai aka ga miliyoyin tsofaffin shafuka za su lalace. Mafitar da aka samu, wadda Internet Explorer 5 ta Macintosh ta fito da ita a 2000, Internet Explorer 6 ta biyo baya a 2001, ita ce a duba layin farko na shafi. In akwai sanarwar doctype, a bi sabuwar ƙa'ida. In babu, a koma yanayin tsohon zamani. Har yau haka burauzoji ke yi. Ɗaya daga cikin ɗabi'un wancan yanayi shi ne jadawali ba ya gadon girman haruffa daga jikin shafi.

Babban shafina yana da doctype, shi ya sa ban kawo komai a raina ba. Amma ƙaramar taga ba ta cin gadon uwarta a wannan fanni, shafi ce mai zaman kanta. Abin da na zuba mata da write() ya fara ne kai tsaye da rubutu. Gyaran bai wuce sa <!DOCTYPE html> a farkon abin da ake rubutawa ba. In kana son tantancewa, tambayi taga.contentDocument.compatMode. In ta ce BackCompat, kana tsohon zamani. In ta ce CSS1Compat, kana kan daidai.

Mu ma dai mu gode wa Allah. Waɗanda suka yi wannan aiki a zamanin Internet Explorer 6 sun ga abin da ya fi haka. Taga marar adireshi a shafi mai tsaro takan sa a fito wa mai karatu da gargaɗin cewa shafin ya haɗa abu mai tsaro da marar tsaro, sai an yi dabarar sa mata adireshin bogi. In kuma babban shafi ya taɓa document.domain, sai tagar da kai ka ƙirƙira da hannunka ta hana ka shiga. Microsoft ta yi wa Internet Explorer 11 ritaya a ranar 15 ga Yuni, 2022. Sai dai dabarun wancan zamani suna nan birjik a intanet, kuma ɗan koyo ba ya bambance wadda ta mutu da wadda ke da rai.

Kuskure na huɗu: MaraÉ—i

Wannan namu ne, mu masu ƙ da ɗ da ɓ. Wani abokin karatuna ya ce in bar write(), wai tsohon yayi ne, in mayar da rasit ɗin gaba ɗaya adireshi irin mai farawa da data:text/html in ba wa tagar. Na gwada. Maraɗi ta koma MaraÉ—i, duk inda ƙ take ta zama Æ™, sunayen da aka rubuta da Larabci kuwa ba a magana.

A tsarin UTF-8, harafin ɗ ƙwayoyin bayani biyu ne. In ba ka faɗa wa burauza cewa UTF-8 kake nufi ba, sai ta koma tsohon tsarin haruffan Turawan Yamma, ta karanta kowace ƙwaya a matsayin harafi dabam. Shi ya sa harafi ɗaya ke zama biyu. Maganinsa <meta charset="utf-8"> a saman shafin. Amma ko da na gyara wannan, sai na tarar da babbar katanga: burauzojin yanzu suna ɗaukar shafin data: a matsayin baƙo, ba ɗan gida ba, don haka babban shafi ba shi da ikon ce masa ya buga kansa. Na watsar da hanyar.

Tunda ana maganar haruffa, ga abu biyu da rasit ɗin Doha ya koya mini. Na ɗaya, in lambar waya mai +234 ko +227 ta zauna cikin layin Larabci, alamar tarawa takan tsallake ta koma ɗaya ƙarshen. Ka ware wa lambar gurbinta da dir="ltr", gurbin suna kuma ka sa masa dir="auto" ya zaɓi alƙiblarsa da kansa. Na biyu, sunaye irin su Sa'adu da Mu'azu, da unguwanni irin 'Yankaba, suna ɗauke da alamar da kod ke amfani da ita wajen buɗe zance da rufe shi. In kana liƙa sunan kwastoma kai tsaye cikin HTML, wata rana wannan 'yar alama za ta yanke maka rasit a tsakiya. Wanda ya san ta kan abin kuma zai iya rubuta umarni a gurbin suna, shafinka ya aiwatar. Duk abin da mutum ya shigar da hannunsa, a tace alamomin <, >, & da na zance kafin ya shiga rasit.

Kuskure na biyar: daren Hajiya

Hanyar da ta dace da zamani ita ce srcdoc. Ka ba wa tagar rubutun shafin kai tsaye, ita ta san yadda za ta yi da shi. Chrome ta karɓe ta a 2012, Firefox a 2013, Internet Explorer ba ta taɓa saninta ba, Edge kuma sai da ta koma kan injin Chromium a watan Janairu na 2020. Ba ruwanka da open() da close(). Ba ta faɗawa yanayin tsohon zamani ko da ka manta doctype. Haruffanmu suna fita lafiya. Kuma 'yar gida ce, babban shafi na iya yi mata magana.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar, na ce bari in tsabtace kod ɗin kafin cunkoson dare. Na cire open, write da close, na sa wannan:

taga.srcdoc = rasit;
taga.contentWindow.print();

Layi biyu, gwanin sha'awa. Na ma gwada a Firefox, don na riga na koyi wannan darasin. Rasit ya fito daidai. Abin da ban lura ba shi ne, kwastoman gwaji ɗaya nake ta amfani da shi tun safe, suna ɗaya, kilo ɗaya, kuma shafin yana buɗewa ne da rasit na ƙarshe a cikin tagar. Ko tsoho aka buga ko sabo, ba yadda zan gane.

Bambancin shi ne, write() yana zuba rubutu nan take, kafin a wuce layi na gaba. Shi kuwa srcdoc aike ne. Ka ce wa tagar ta tafi sabon shafi, ta amsa, amma ba ta tashi ba tukuna. A daidai lokacin da layi na biyu ke aiki, tsohon rasit ne ke zaune a ciki, kuma shi ya riga ya gama lodinsa tuntuni, babu dalilin da za a jinkirta buga shi. Gwargwadon burauzar da kake kai, ko dai a buga tsohon, ko umarnin ya bi tsohon shafin su ɓace tare. A ofishinmu tsohon aka buga. Bayan ƙiftawar ido sabon ya bayyana a fuskar kwamfuta, yaron ofis ya duba ya ga daidai. Akwatin bugawa yana nuna samfurin abin da zai fita, gaskiya ne, amma wa ke tsayawa kallon samfuri mutum goma na tsaye a kansa? Enter kawai yake dannawa.

Ma'ana, tun buɗe ofis bayan shan ruwa, kowane kwali na ɗauke da takardar wanda ya gabace shi. Kwali goma sha ɗaya. Motar da za ta kai su filin jirgin Hamad kuma da asuba za ta zo. Kayan Hajiya na bikin 'yarta ne da za a yi bayan salla. Da ba ta karanta ba, da sun sauka Kano an ɗora su a motar Katsina, sun bi ta Jibiya sun tsallaka iyaka, ita kuma a miƙa wa 'yan uwanta kwalin wani. A wannan sana'a ba a sayar da komai sai amana. Kwali ɗaya ya ɓata, kafin azahar duk Hausawan Doha sun ji.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta daren nan ba. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, laifina ne, ba na kwamfuta ba." Ya ce, "To, ai kin san inda ciwon yake. Ɗauko min littafina."

Littafin da na sha yi masa dariya a kansa ke nan. Duk kwalin da aka auna, sai ya rubuta suna, gari da kilo da biro, ko da kwamfuta ta rubuta. Da shi muka bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya, muna sake aunawa, muna ɓare takarda muna manna wata. Yaron ofis na kiran waɗanda suka riga suka tafi da rasit ɗin wasu. Mun gama ana kiran sallar farko, a nan muka yi sahur da burodi da shayi.

Yadda yake yanzu

Ga abin da ke aiki a ofishin tun daga ranar:

function bugaRasit(rubutu, lamba) {
  var tsohuwa = document.getElementById("tagarRasit");
  if (tsohuwa) tsohuwa.remove();

  var taga = document.createElement("iframe");
  taga.id = "tagarRasit";
  taga.setAttribute("sandbox", "allow-same-origin allow-modals");
  taga.srcdoc = rubutu;
  taga.onload = function () {
    var d = taga.contentDocument;
    if (d.getElementById("lamba").textContent !== lamba) return;
    d.fonts.ready.then(function () {
      taga.contentWindow.focus();
      taga.contentWindow.print();
    });
  };
  document.body.appendChild(taga);
}

Kowane layi a nan tabon wani ciwo ne, bari in bi su.

Ana cire tsohuwar taga a ƙirƙiri sabuwa ga kowane rasit. Abin da babu shi ba za a buga shi bisa kuskure ba. Wannan ya kuma kashe wata 'yar matsala: in kana canza shafin taga ɗaya sau da yawa, maɓallin komawa baya na burauza sai ya riƙa bin tsofaffin rasit maimakon ya mayar da kai inda ka fito.

Ana sa srcdoc da onload kafin a dasa tagar a shafi. Wannan jeri ba ado ba ne. In ka dasa ta fanko, Chrome tana sanar da gama lodi nan take a kan fankon. Ka ga in onload na ɗaure, farar takarda za a buga, in kuma ba ka ɗaura ba tukuna, sanarwar ta wuce ka. Ka shirya komai, sannan ka dasa. In ka dasa kuma ka bar ta a wurin, domin cire taga a mayar da ita wani gurbi yana sa ta sake lodi daga farko.

Ba a bugawa sai onload ya yi magana. Shi ne ke tabbatar da cewa sabon shafin ya zauna, hotunan da ke cikinsa, kamar tambarin ofis, sun iso. Sannan fonts.ready yana jiran salon haruffan da aka ɗauko daga waje, wanda ke da muhimmanci in kana da Larabci da ƙ da ɗ a takarda ɗaya. Babu setTimeout ko ɗaya.

Ana duba lambar rasit. Kafin a buga, kod ɗin yana karanta lambar da ke cikin tagar ya gwada ta da wadda aka nema. In ba su zo ɗaya ba, ba a bugawa. A ƙa'ida hakan ba zai taɓa faruwa ba. Amma ni ma a ƙa'ida na ɗauka layi biyun nan ba su da matsala.

Shi kuma sandbox shinge ne. Na ba wa tagar izini biyu kawai: ta zama 'yar gida don in iya yi mata magana, ta kuma iya buɗe akwatin bugawa. Ban ba ta izinin gudanar da umarni ba, don ko wani abu ya tsallake tacewa ya shiga gurbin suna, ba zai motsa ba. Ka kiyayi haɗa allow-scripts da allow-same-origin a kan abin da ba ka yarda da shi ba, domin su biyun tare suna ba shafin damar cire shingen da kansa.

Abu na ƙarshe, in ba ka son a ga tagar, kada ka ɓoye ta da display:none. Burauzoji sun sha bamban kan yadda suke mu'amala da tagar da aka ɓoye haka, musamman wajen bugawa da auna tsawo. Ka tura ta can gefen da ido ba ya kaiwa, ko ka bar ta a fili ta zama samfuri. A ofishinmu a fili take, da sunan kwastoma da garinsa da manyan haruffa.

Abin da ya rage mini

In ka duba kurakuran nan, uku daga cikinsu abu ɗaya ne ya sauya riga: na ɗauka da na ba da umarni an gama. Na rubuta kafin a gama shirya allo, na yi shiru ban ce na gama ba, na buga kafin sabon shafi ya iso. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Burauza tana da hanyar da take cewa ta gama, aikinka shi ne ka tsaya ka ji, ba ka ƙirga daƙiƙoƙi kana fata ba. Duk inda ka ga kanka kana ƙara lamba a setTimeout har abu ya yi aiki, to akwai sanarwar da ya kamata ka jira ba ka gano ta ba.

Sauran darasin ba a aji na koye shi ba. A jami'a in kod ɗinka ya yi kuskure, maki ake rage maka. A Madinat Khalifa kayan auren 'yar mutane ne ke tafiya wata ƙasa. Yanzu ba na taɓa komai a shafin nan ana saura kwana goma salla. In na yi gyara, a kwamfutar ofis nake gwadawa, ba a laftof ɗina ba, kuma da kwastomomi biyu mabambanta, ɗaya Kano ɗaya Maraɗi, ɗaya da ɗ a sunansa ɗaya da Larabci, in buga a takarda in karanta da idona.

Hajiya ta dawo bayan salla da cincin da dubulan na biki, ta ce a ba wa "yarinyar kwamfuta". Kawu kuwa har gobe yana rubutawa a littafinsa. Da ya cika, ni na sayo masa sabo.

Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.